Sarkin Katsina a Maraɗi: tambayar da mushe ya bar mu da ita

Tun daga sizyem har na ci BEPC, darasin tarihi a wurina abu ɗaya ne. Mushe ya shigo, ya rubuta kan darasi a tabulo, ya yi bayani na minti goma, sannan ya ce a ɗauki bik. Shi yana karanta rezime, mu muna rubutawa. Wanda hannunsa ke da nauyi sai ya bar fili a kaye, in an fita ya ari na maƙwabcinsa ya cike. Ranar dabuwar kuma ka mayar wa mushe kayansa yadda ya ba ka, har da waƙafi. Na iya wannan aiki sosai, ban taɓa samun ƙasa da 14 bisa 20 ba. Da haka na haddace daular Gana da Mali da Songai, na haddace Tondibi da 1591, na haddace taron Barlin na 1884 zuwa 1885. Amma da a lokacin wani ya tare ni ya ce, wa ya ga abin da ya faru a Tondibi har ya ba da labari, da sai dai in yi masa kallon mai taɓin hankali. Littafi ya faɗa, shi ke nan.

Da muka shiga lise, a shekarar farko, aka ba mu wani mushe na tarihi, matashi ne, bai daɗe da fitowa daga jami'ar Yamai ba. Wata biyu ya yi yana ba mu rezime kamar kowa. Ran nan ya shigo ba tare da takardunsa ba, ya rubuta layi ɗaya a tabulo, da Faransanci, ya kuma maimaita shi da Hausa don kada wani ya ce bai gane ba: mi ya sa ake ce wa sarkin Maraɗi Sarkin Katsina, alhali Katsina tana can ƙetaren iyaka, bayan Ɗan Isa da Jibiya, kuma tana da nata sarki?

Mu 74 ne a kalas. Kusan duk a garin aka haife mu, muna wucewa ta ƙofar fada, muna jin maroƙa ranar sallah. Aka yi tsit. Can wani ya ce ai asalinmu Katsinawa ne. Mushe ya ce, "Wa ya hwaɗa maka?" Ya ce babansa. "Shi kuma wa ya hwaɗa mishi?" Yaron ya yi shiru, muka fashe da dariya. Mushe bai yi dariya ba. Ya ce shi ba zai ba mu amsa ba, ya ba mu mako shida, mu rabu ƙungiya-ƙungiya mu nemo. Sharaɗinsa guda ne: duk abin da muka kawo, sai mun faɗi bakin wa muka ji shi, shi kuma a ina ya samo, kuma in labarin ya tabbata wa zai ji daɗi.

Ba zan ɓoye ba, haushi na ji. A ganina malalacin malami ne, yana so mu yi masa aikinsa. Kuma na ji tsoron makina, don ban san yadda ake samun 14 a abin da ba a hardace shi ba.

Wasu aka tura fada, wasu wurin makaɗa da maroƙa, wasu wurin malaman zaure, wasu Tsibiri, wasu ɗakin karatu. Wata ƙungiya ta samo littafin tarihi na ƴan sakandare na Najeriya a hannun wani ɗan'uwansu da ke karatu a Katsina. Ni ina cikin ƴan fada. Mun yi zuwa uku kafin a zaunar da mu gaban wani dattijo, mai sarauta ne, muka durƙusa muka gaishe shi. Da ya ji abin da ke tafe da mu sai ya ce, "Ashe lakwal ta tuna da mu."

Ga ƙashin bayan labarin, wanda kusan kowa ya yarda da shi. Sarautar Katsina tsohuwa ce, ana kai ta ga Muhammadu Korau. Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, wutar ta iso ƙasar Katsina, wajen 1807 birnin ya faɗa hannun masu jihadi, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Gidan sarautar da aka kora suka ja arewa zuwa Ɗankama. A can aka sake cin su, kuma ana ba da labarin cewa Sarki Magajin Haladu rijiya ya faɗa don kada a kama shi. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, suka nufi Damagaram neman mafaka, suka yi shekaru a wajen Gafai. Ƙasar Maraɗi a lokacin tana ƙarƙashin wakilin sababbin masu mulki. Wajen 1819 mutanen ƙasar suka yi bore, suka kashe shi, suka kira Ɗan Kasawa. Shi kuwa da ya zo, bai ɗauki kansa sarkin wani sabon gari ba. A wurinsa shi ne Sarkin Katsina, zaman Maraɗi zaman jira ne kafin a koma gida. Shi ya sa aka sake kafa fada irin ta birni, da Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi, masu zaɓen sarki. Komawar ce ba ta yiwu ba. A 1836 aka gwabza a Gawakuke da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Sarkin Katsina Rauda ya faɗi tare da Sarkin Gobir Ali. Bayan wannan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri a nan kusa da mu. Daga baya Ɗan Baskore ya yi shekara ashirin da ƴan kai yana kai yaƙi kudu, har zuwa wajen 1875, amma bai zauna a birnin Katsina ba. Sai Nasara suka zo suka ja iyaka, Ingila ta ɗauki Katsina, Faransa ta ɗauki Maraɗi, sunan sarauta ya tsaya a wuri ɗaya, garin da ya ba da sunan a wani.

Da wannan kaɗai muka kawo, da rezime ne muka sake yi, sai dai da hannunmu. Abin ya fara daɗi ne ranar da ƙungiyoyi suka haɗu a kalas, kowa ya baje abin da ya samo.

Dattijonmu na fada, duk inda ya zo kan 1807, cewa yake "sanda anka ƙwace gari". Littafin Najeriya kuma, a wuri guda ɗin, maganar gyaran addini yake da kawar da zalunci, yana kiran sarakunan da aka kora Haɓe, yaƙe-yaƙen Maraɗi kuma hare-hare ne da suka hana ƙasa zaman lafiya. Abin da fada ta kira neman haƙƙi, shi littafin ya kira fitina. Ƴan ƙungiyar malaman zaure suka zo da labarin Infaƙul Maisuri, littafin da Muhammadu Bello ya rubuta da Larabci kan jihadin. Wani malami ya fassara musu wasu wurare, ya kuma ce musu wannan shi ne gaskiya tun da mai shi yana wurin. Mushe ya ce lalle yana wurin, kuma wannan babbar daraja ce, amma a wane ɓangaren fagen yake tsaye? Haka ya juyo kanmu ya ce, shi dattijon naku, jikan wa ne? Na tuna a lokacin na ji kamar an zage ni, don na riga na ɗauki tsohon nan kamar kakana.

Ƴan Tsibiri kuma suka dawo da wani abu daban. A can, in ana labarin yaƙe-yaƙen nan, Gobirawa ne a gaba, Katsinawa suna biye. A fadarmu akasin haka muka ji. Shekarun ma ba su daidaita ba: littattafai biyu da ƴan ɗakin karatu suka duba sun saɓa kan shekarar da Ɗan Baskore ya hau gado. Wata yarinya ta tambayi mushe wace za mu rubuta ranar dabuwar. Ya ce ta rubuta duka biyun, ta faɗi inda ta samo kowace.

Sai aka nemi wanda ba Bakatsine ba, ba Basakkwace ba. Aka samu Bajamushen nan Hainirik Bart, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Gazawa ya shiga Katsina a farkon 1851. Ya ratsa dajin da ke tsakani, wanda matafiya ke tsoro saboda mahara, ya wuce ta kangon Ɗankama, ya tarar da birnin Katsina mai faɗin ganuwa amma mutane kaɗan a ciki, kasuwanci ya koma Kano. Wannan shaida ta nuna mana cewa yaƙin ya ci ƙasa ƙwarai, ba kirarin maroƙa ba ne kawai. Amma shi ma baƙo ne, ƴan kwanaki ya yi, kuma abin da aka gaya masa ya rubuta.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne wani ɗan bayani da mushe ya kawo mana a mako na huɗu. Tsakanin 1906 da 1908 an yi aikin shata iyaka tsakanin ƙasar Faransa da ta Ingila, daga Kwara zuwa tafkin Cadi. Shugaban ɓangaren Faransa shi ne Kyaftin Tilo. A cikin ayarin akwai wani tafinta, Landerwan, mai jin Hausa, wanda duk inda aka yada zango sai ya tara tsofaffi da masu sarauta yana tambayarsu tarihin ƙasarsu. Abin da ya rubuta aka buga cikin takardun ayarin, kuma yawancin waɗanda suka rubuta tarihin Maraɗi bayansa sun sha daga wannan rijiya. Wato ke nan, wani ɓangare na abin da muke ɗauka "littafi ya faɗa", asalinsa wani tsoho ne ya zauna a tabarma ya ba da amsa, kamar dai yadda namu ya ba mu. Bambancin kawai, wancan tsohon yana magana ne da jami'in waɗanda suka ci ƙasar, a lokacin da ake yanke wane gari zai bi wane sarki. In kai ne, me za ka faɗa, me za ka haɗiye? Tun daga ranar ban sake kallon shafin littafi yadda nake kallonsa da ba. Ban daina yarda da littafi ba, a'a, sai dai na fara jin muryar mutum a bayansa.

Mun so mu ga tsohon garin da idonmu, mu auna inda ganuwa ta bi. Nan ma muka koyi wani abu. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohuwar Maraɗi da ke cikin fadama, aka tayar da gari aka dawo da shi kan tudu, aka yanka tituna a miƙe. Abin da muka tarar galibi gonaki ne. Wani manomi ya nuna mana wuri da sandarsa ya ce nan ne kaza, wani ya ce a'a, can ne.

Rikici kuma an yi shi. Wata rana ana cikin muhawara wani yaro ya ce Fulani ne suka sace mana gari. Akwai wata Bafulatana a kalas, mai ƙoƙari ce ƙwarai, ta miƙe ta ce, "Mushe, to ni a cikin labarin nan ɓarauniya ce ke nan?" Kalas ya kaure. Na ɗauka mushe zai rufe maganar ya ce a ɗauki bik. Sai ya mayar da ita tambaya: duk waɗanda suka bi Shehu Fulani ne? Aka koma bincike. Aka tarar da Abdussalami, malami Bahaushe, yana cikin manyan almajiran Shehu tun farko, daga baya kuma ya saɓa da Bello har aka yaƙe shi. Mushe ya kawo mana labarin littafin Yusufu Bala Usman kan Katsina, wanda ya fito a 1981, inda ya ƙi yarda a mayar da abin faɗan ƙabila biyu, ya nuna cewa rikicin ya ratsa cikin al'ummar Katsina kanta. Ba zan ce yaron nan ya canza ra'ayi ba. Amma dole ta sa ya kawo hujja, kuma da ya rasa sai ya rage murya. A darasin rezime da ba a taɓa jin wannan magana tasa ba, da ya fita da ita cikinsa yadda ya shigo da ita.

Yanzu ga nawa. Mushe ya ce kowa ya tambayi gidansu ta yaya suka zo Maraɗi. Ni na san amsa tun ina ƙarami: mu Katsinawa ne na asali, kakanninmu tare da Ɗan Kasawa suka zo. Haka babana ke faɗa. Na je wurin kakata ta wajen uwa don in cike layi biyu kawai. Tana tsinke zogale, ta ce, "Maigida, yau kuma da takarda ka zo mini?" Na yi mata tambayar. Ta ba ni labarin dangin mijinta tsaf. Na ce to ke fa? Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce kakar uwarta ba nan aka haife ta ba. Yarinya ce ƙarama aka zo da ita daga kudu, bayan wani yaƙi, a bayan doki. Ba ta san sunan garinsu ba, abin da ta riƙe kawai shi ne akwai duwatsu da wata bishiyar tsamiya a ƙofar gidansu. A gidan wani mai sarauta ta girma, aka aurar da ita a nan. Kakata ba ta furta kalmar ba, ni ma ban furta ba, amma mu duka mun san sunan abin.

Na yi lissafin shekaru a hanya ina komawa gida. Ya faɗa daidai zamanin Ɗan Baskore, ko kusa da shi. Wato yaƙe-yaƙen da na zauna a fada ina jin daɗinsu, ina rubutawa da alfahari, a cikin ganimarsu akwai wadda ta haifi wadda ta haifi uwar kakata. Littafin Najeriya da na yi ta jin haushinsa saboda ya ce hare-hare, ashe ta wani gefen labarin gidanmu yake bayarwa.

Ranar ekspoze ban faɗa ba. Na karanta na dangin babana, na zauna. Bayan an tashi na tsaya na gaya wa mushe, na ce ko na yi ha'inci. Ya ce labarin ba nawa ba ne ni kaɗai, na tsohuwa ne, in ba ta ba ni izini ba to in bar shi. Amma ya ce in rubuta a kayena cewa akwai abin da na sani ban faɗa ba, da dalili, don in tuna cewa tsofaffin da suka zauna gaban Landerwan su ma suna da irin nasu. Kakata ta rasu bara. Kafin nan na sake tambayarta ko in rubuta, ta ce in rubuta mana, ai wadda aka ɗauko ba ita ta yi abin kunya ba.

Daga baya na gane cewa wannan hanya ta tura ɗalibi ya tambayo ba sabuwa ba ce a ƙasashenmu. A makarantar Wilyam Ponti ta Senegal, inda aka horar da malamai da ma'aikatan Afirka ta Yamma zamanin Faransa, inda su Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu, tun daga shekarun 1930 ana ba ɗalibai aikin hutu: kowa ya koma garinsu ya binciko al'adu, ko sana'a, ko tarihi, ya rubuto. Ɗaruruwan kayen nan suna ajiye a Dakar, kuma a 2015 UNESCO ta sa su cikin kundin abubuwan tarihi na duniya. Sai dai a can mai mulki ne ke son sanin waɗanda yake mulka, ɗalibi ɗan aike ne, kuma wanda zai ba shi maki shi ne wanda ya ci ƙasarsu. Bayan ƴancin kai, su Bubu Hama suka juya akalar, aka kafa cibiya a Yamai a 1968 don tattara tarihin baka, wadda yanzu ake kira CELHTO. Andire Salifu ya rubuta tarihin Damagaram, Jibo Hamani ya rubuta na Adar, dukansu sun zauna da tsofaffi sun kuma duba takardu. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, manyanmu sun san haka ake yin tarihi, amma hanyar ta tsaya a jami'a. Ɗan kolej da ɗan lise sai a ba shi abin da aka dafa, ba a taɓa shigar da shi madafa ba.

Ba kuma zan yi ƙarya in ce abin bai da tsada ba. Mako shidan nan sun ci darussa da yawa, ba mu gama abin da aka tsara na shekarar ba, kuma na ji wasu iyaye sun kai ƙara cewa ana tura ƴaƴansu yawon gari maimakon karatu. A ƙungiyarmu ta mutum tara, mu huɗu ne muka yi aikin, sauran sunansu kawai aka rubuta. Ƴan mata da yawa ba a bar su zuwa Tsibiri ba. Kuɗin mota da na hoton takardu daga aljihunmu suka fito, wani lokaci daga na mushe. Kuma ya iya yin haka ne don shekarar ba ta jarabawar ƙasa ba ce. Masu cewa a kalas mai mutum 74, da littafi ɗaya tsakanin mutum biyar, rezime shi ne abin da zai yiwu, ba wauta suke faɗa ba. Abin da na ƙi yarda da shi kawai shi ne a ce ko sau ɗaya a shekara ba za a iya ba. Tambayar da aka ba mu ba ta buƙaci kwamfuta ko intanet ba. Ƴan Damagaram suna da Tirmini da 1899, ƴan Konni da Tasawa suna da hanyar da ayarin Bule da Shanuwan ya bi a shekarar nan, ƴan Tawa suna da Adar gaba ɗaya, kuma tsofaffin da suka ji daga bakin waɗanda suka gani suna ƙarewa.

A ekspoze ɗin na samu 12, mafi ƙanƙantar makin tarihi da na taɓa samu. Mushe ya rubuta a gefe da jan bik cewa na yarda da dattijon fada fiye da kima. Shekarar da ta biyo aka yi masa canjin wurin aiki. A tarminal muka koma ɗaukar bik, na haddace yaƙin cacar baka da taron Bandun na 1955, na mayar musu da kayansu ranar bak, na ci. Kayen nan na shekarar farko yana nan cikin akwatina. A shafi na ƙarshe akwai layin da mushe ya sa na rubuta, a ƙarƙashinsa kuma na ƙara da fensir: duwatsu, tsamiya a ƙofar gida, kudu. Na tambayi direbobi biyu masu zuwa Katsina, duka sun ce garuruwa masu duwatsu a can suna da yawa.